Ciwon Baya Ba Lallai Basir Ba Ne

Da mutum ya ce kwankwasonsa na ciwo, sai a ce masa basir ne, a miƙo masa jiƙo. Mun taso mun tarar ana faɗin haka, kuma masu faɗin da kyakkyawar niyya suke yi.

Basir kumburin jijiyoyin jini ne a dubura. Alamunsa jini wajen bahaya, ƙaiƙayi, ko tsiro a wurin. Ciwon kwankwaso kuwa galibi daga tsoka da gaɓoɓin ƙashin baya yake tasowa: an sunkuya an ciccibi buhun masara, an yini a kan babur, ko an daɗe duƙe ana wanki.

Gwada da kanka. In ciwon na ƙaruwa idan ka sunkuya ko ka tashi daga tabarma, ya lafa idan ka sauya zama, to bayan ne da kansa. Irin wannan yakan yi sauƙi cikin mako 4 zuwa 6. Kada ka lafe a gado, doguwar kwanciya ƙara sanƙarar da baya take yi. Yi tafiya kaɗan-kaɗan, ka gasa wurin da tawul mai ɗumi. Jiƙon da ke sa gudawa kuwa, ni dai ban ga abin da zai yi wa tsoka ba.

Amma in ƙafa ta yi rauni, tsakanin cinyoyi ya mutu, fitsari ya ƙi fita ko ya ƙi riƙuwa, ko akwai zazzaɓi, a tafi asibiti a ranar.

Don Allah a tura wa 'yan uwa, musamman iyayenmu.