Waiwaye: yadda aka dade ana kokarin gano sankarar mama da haske

Maganar haska nono da fitila don a ga ko akwai kulli a ciki ba yau aka fara ta ba. Tun 1929 wani likita a Amurka mai suna Max Cutler ya gwada, sai dai hoton dishi-dishi ne kawai. Dalili kuwa naman jiki watsa haske yake yi, kamar dai yadda yara ke dora tocila a tafin hannu, ja kawai za ka gani amma ba ka ganin kashi. An sake farfado da abin a shekarun 1970 da 1980, amma wani babban gwaji da aka yi a Suwidin a 1990 ya nuna hasken bai kamo kafar mamogiram ba, wato hoton nono da ake dauka da eksire.

To daga nan ne fa masana suka sauya dabara, suka koma auna lokaci. Wato a harba hasken leza na dan kankanin lokaci, kasa da kashi daya cikin biliyan na dakika, sannan a lura da wanda ya fara fitowa ta daya bangaren, don shi ne ya bi hanya kusan mikakkiya, wanda ya makara kuwa yawo ya sha a cikin nama. Su Britton Chance sun yi aiki a kai tun 1988, su Robert Alfano a New York suka fitar da nasu a 1991, daga baya aka kera injinan a Milan da Balin har aka gwada a jikin mata. Abin da injin ke kamawa jini ne, saboda kullin daji ya fi tara jini.

Har yanzu dai bai maye gurbin mamogiram ba, kananan kulli na kubuce masa. Amma ni abin da ya sa nake bibiyarsa, babu tururin eksire a ciki, kuma mamogiram na shan wuya da nonon mata masu karancin shekaru, alhali a nan matanmu da yawa a shekaru arba'in da wani abu sankarar take kama su. A 2020 kadai an kiyasta sama da mata 28,000 sun kamu a Najeriya. Mace a kauyen Ringim ko Gaya sai ta tara kudin mota zuwa Dutse ko Kano, kafin nan an sha jike-jike an gaji, abu ya ci jiki. Don Allah iyayenmu mata, wadda ta ji kulli ta tafi asibiti a duba ta da abin da ke akwai yanzu, wannan injin har yau yana hannun masu bincike.