Wasiyya da tsara dukiya kafin rabon gado

Wasiyya ita ce umarnin da mutum yake bari game da dukiyarsa da basussukansa da 'ya'yansa ƙanana, wanda ba ya aiki sai bayan rasuwarsa. A ƙasar Hausa, inda ake bin mazhabar Malikiyya, ba wasiyya ce take raba gadon Musulmi ba, domin Alƙur'ani ya riga ya yanka wa magada kasonsu a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. Abin da ya rage wa mai dukiya shi ne ya fayyace abin da ya mallaka, da wanda ake bin sa, da wanda yake riƙe da shi amana. Rigimar gado ta fi tasowa a nan, tun kafin a zo ga lissafin kaso.

Abin da ake fitarwa kafin rabo

Ana fara cire haƙƙin da ya rataya a kan ainihin dukiyar, kamar gonar da aka jinginar, sannan kuɗin likkafani da jana'iza, sannan bashi, sannan wasiyya. Abin da ya saura shi ne gado. Ragowar sadakin da miji bai biya ba bashi ne. Kayan ɗakin mace da dabbobinta da jarin sana'arta nata ne, ba sa shiga rabo.

Bashi ya fi komai bukatar rubutu, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kansa ta sauka. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari ko Dawanau yakan riƙe jarin 'yan'uwa, ya karɓi kaya bashi, ya ba da wasu bashi, yana kuma cikin adashi, duk ba a rubuce ba. Ranar da ya faɗi, magada ba su da hanyar bambance nasa da na mutane. Littafi ɗaya mai kwanan wata da sunayen shaidu, wanda wani amintacce ya san inda yake, yana hana wannan.

Iyakar wasiyya

Wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kamar yadda ya zo a hadisin Sa'ad bin Abi Waƙƙas, kuma ba a yi wa wanda zai ci gado, sai idan sauran magada sun amince. Amfanin sulusin nan ya fi bayyana ga waɗanda rabo bai kai gare su ba: agola, da yaron riƙo, da musamman jikokin da mahaifinsu ya riga kakansu rasuwa, waɗanda baffanninsu suke katange su daga cin gadon kakan. Masar ta mayar da wasiyya ga irin waɗannan jikoki wajibi a dokarta ta 1946. A fiƙihun Malikiyya kuwa abin yana hannun kakan, kuma kakan da ya bar marayun ɗansa ba tare da ya rubuta musu komai ba ya yi sakaci da damar da shari'a ta ba shi. A cikin wasiyya ne kuma uba yake naɗa wasiyyi, wanda zai kula da dukiyar ƙananan 'ya'yansa har su mallaki hankalin kansu.

Kyauta tun da rai

Matar mamaci tana samun sumuni (kashi ɗaya cikin takwas) idan akwai 'ya'ya, wato tumunin takaba, kuma ko su huɗu ne a cikinsa za su yi tarayya. Sau da yawa wannan ba ya isa ya riƙe mata ɗakin da ta tsufa a ciki. Mijin da yake son ya bar mata muhalli sai ya ba ta kyauta yana da lafiyarsa. Sharaɗin Malikiyya shi ne wanda aka ba ya karɓa ya mallaka kafin mai kyautar ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali. Idan maigida ya ce ya ba wance gida amma ya ci gaba da karɓar kuɗin haya har ya rasu, gidan ya koma gado. Kyautar da aka yi a ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka. Tsakanin 'ya'ya kuma an yi umarni da adalci, kamar yadda hadisin Nu'umanu bin Bashir ya nuna.

Takardu da kotu

A Najeriya, sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya sanya gado da wasiyya da kyauta da waƙafi na Musulmi cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Wanda aka rubuta sunansa a matsayin makusanci a takardar banki ko ta ofis ba lallai ne ya zama magaji ba, kuma rubuta sunansa bai mallaka masa kuɗin ba. Bankuna da kamfanonin fansho sukan nemi takardar kotu ta izinin kula da dukiyar mamaci kafin su saki kuɗi. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa ma'aikatu inshorar rai ta aƙalla ninki uku na albashin shekara, kuma ya kamata ma'aikaci ya sanar da iyalinsa wannan haƙƙi. Fili da gona su ma suna bukatar takardar ciniki da shaidar mallaka da sunan mai su na gaskiya.

Idan matar mamaci tana da ciki, Malikiyya suna dakatar da rabo har ta haihu. Ban da irin wannan uzuri, jinkiri cutarwa ce. Gidan da aka bari shekara ashirin ba a raba ba, wasu magadan sun rasu sun bar nasu magadan, sai alƙali ya yi lissafin gado cikin gado, wanda malaman fara'ila suke kira munasaha. Kafin a kai ga haka, 'yan'uwa mata da suka yi aure a wasu garuruwa su ne aka fi cinye wa kaso.