Ƙungiyar Tsofaffin Ɗaliban Jami'a

Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai haɗaka ce ta waɗanda suka yi karatu a jami'a ɗaya, suka fita, amma ba su yanke zumunci da ita ba. Sunan da ake kiran tsohon ɗalibi da shi a harsunan Turai, alumnus, daga Latin ya samo asali, kuma ma'anarsa ta farko ɗan riƙo ce, wato jami'a uwar goyo ce.

Ƙungiyar da aka fi ambata a matsayin ta farko a Amurka ita ce ta Kwalejin Williams da ke jihar Massachusetts, wadda aka kafa a 1821. Ba nishaɗi ne ya haife ta ba, tsoro ne. A shekarar ne shugaban kwalejin, Zephaniah Swift Moore, ya tattara nasa ya nasa ya koma sabuwar kwalejin Amherst, ɗalibai 15 suka bi shi. Ganin Williams na neman durƙushewa, tsofaffin ɗalibanta suka haɗa kai don tallafa mata. Harvard ta kafa tata a 1840, tsohon shugaban Amurka John Quincy Adams ne ya fara jagorantar ta.

Daga tallafi sai aka kai ga neman iko, tunda mai ba da kuɗi ba ya rasa ta cewa. A 1865 majalisar dokokin Massachusetts ta miƙa wa waɗanda suka gama Harvard ikon zaɓen majalisar masu sa ido a kan jami'ar. Yau majalisar tana da zaɓaɓɓun mambobi 30, ana zaɓen biyar duk shekara, kowa ya yi shekara shida. A Ingila tsarin daban ne, amma manufar kusan ɗaya ce: a Oxford masu digirin jami'ar na cikin waɗanda ke zaɓen uban jami'a, kuma a 2024 ta intanet suka kaɗa ƙuri'ar da ta ba William Hague, tsohon ministan harkokin wajen Birtaniya, kujerar.

Yawancin ƙungiyoyin suna da kundin tsarin mulki, da babban taro na shekara-shekara, da shugabanni irin su shugaba, sakatare da ma'aji, sai rassa na birane ko na 'yan aji ɗaya. Kuɗinsu daga kuɗin mamba da gudummawa yake fitowa. Inda gizo ke saƙa shi ne: wa ke riƙe da ƙungiyar? Wata mai cin gashin kanta ce, da rajistarta da asusunta. Wata kuwa ofishi ne kawai a cikin jami'a, jami'ar ce ke biyan albashin sakatare, ita ce ke ajiye rajistar sunaye da adireshin mambobi. Wannan rajista ba ƙaramin abu ba ce, domin duk wanda take hannunsa shi ke iya aika wa masu zaɓe wasiƙa.

An ga irin wannan takun-saƙa a Kwalejin Dartmouth ta Amurka. Tun 1891 aka yi yarjejeniyar da ta ba tsofaffin ɗalibai damar tsayar da kusan rabin amintattun kwalejin. A 2007 majalisar amintattu ta yanke shawarar ƙara kujerun naɗi, abin da zai rage kason zaɓaɓɓu, ƙungiyar tsofaffin ɗaliban kuwa ta garzaya kotu. Ba alƙali ne ya raba gardamar ba: a 2008 mambobi suka zaɓi sababbin shugabanni, su kuma suka janye ƙarar.