Ciwon guringuntsin gwiwa: ku karanta kafin ku sake tambaya ta

Tambayoyin nan dai su ne kullum, ko a asibiti ko a waya, har na gaji da maimaitawa. Ga su nan.

Minene guringuntsin gwiwar?
Iri biyu ne. Akwai mai santsi da ya lulluɓe bakin ƙasusuwa da bayan ƙoƙon gwiwa, sai meniskus guda 2 a kowace gwiwa, na ciki da na waje, awa gammo tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri.

Na yi eksire an ce ba komi, amma ciwo na nan?
Eksire ƙashi yake gani. Guringuntsi sai MRI, hoton da ke nuna nama da jijiyoyin cikin jiki.

In na yawaita cin ganda da ƙafar saniya guringuntsin zai toho?
A'a. Ci don daɗi.

In kai wa mai ɗori?
Mi zai ɗora? Ba karaya ba ce fa. Gwiwa ta kumbura ta cika da ruwa, a kama a ja, a murɗa, wani har da tsaga da reza, sai abu ya lalace sannan a kwaso mutum a keke napep a kawo asibitin koyarwa na Sakkwato, UDUTH, ana salati. Haba jama'a.

An ce min sai an yi aiki, in yarda?
To nan ne ba ni da amsa ɗaya. Ya danganta da inda meniskus ɗin ya yage, da shekarunka, da yadda abin ya faru. Bakin kowane meniskus ta waje, wajen kashi ɗaya bisa uku na faɗinshi, jini na kai wa can, yagewar wurin tana iya haɗewa ko a ɗinke ta, amma can ciki babu jini, shi ya sa da wuya ta haɗe. Yaro ɗan ƙwallo da ƙafarshi ta kafe a ƙasa jiki ya juya, ya ji ƙas, washegari gwiwa ta kumbura, daban yake da dattijon da nashi ya lalace a hankali saboda shekaru, shi dattijo sau da yawa motsa jiki wurin likitan gashin ƙashi da ƙarfafa naman cinya da rage ƙiba sun ishe shi, ko da MRI ta nuna yagewa. Amma in gwiwa tana maƙalewa, ka so miƙe ta ta ƙi, ko tana sakin ka kana cikin tafiya, wanga kam kar ka zauna, ga likitan ƙashi da wuri. Kuma aikin galibi ba farke gwiwa ake ba, 'yan ƙofofi ne ake hudawa a sa kyamara. Duk da haka ban ga gwiwarka ba, wanda ya taɓa ta da hannu ya fi ni sani.

Salla fa, ba na iya sujada da zaman tahiya?
Kwantar da hankalinka Baba, samu kujera, addini ya yi sauƙi. Tsugunno a masai ma ka rage in da hali.

Maganin ciwo diclofenac nake sha kullum
Kullum?? Cikin zafin Sakkwaton nan, ba ka shan ruwa sosai, kana so ƙoda da ciki su bi bayan gwiwa? Kwana kaɗan ne, bayan cin abinci. In ta kumbura naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora minti 15 zuwa 20, ka ɗaga ƙafar.

Yaushe zan koma ƙwallo?
Ranar da kumburi ya saɓe, kana miƙe ta gaba ɗaya, kana gudu ba ɗingishi. Ba ranar da koci ya kira ka ba.