Dokar ɓoye mutuwar sojoji a Rasha: me ta hana, wa take kamawa?

A daren 27 ga Fabrairu 2015 aka bindige Boris Nemtsov a kan wata gada da ke daf da fadar Kremlin a Mosko. Tsohon mataimakin firaminista ne a zamanin Shugaba Boris Yeltsin, daga baya ya zama ɗaya daga cikin 'yan adawar da suka fi caccakar Shugaba Putin. Ajali ya riske shi yana tattara hujjojin cewa sojojin Rasha na yaƙi a gabashin Yukiren, zancen da gwamnati ta yi ta ƙaryatawa, tana cewa 'yan sa-kai ne suka tafi bisa raɗin kansu. Abokansa suka ƙarasa aikin, suka fitar da rahoton ranar 12 ga Mayu, inda suka ce aƙalla sojoji 220 sun mutu a gumurzun Ilovaisk da Debaltseve. Ranar 28 ga watan, Putin ya rattaba hannu kan umarni mai lamba 273.

Umarnin gajere ne ƙwarai. Tun 1995 Rasha ke da jerin abubuwan da ake ɗauka sirrin ƙasa, kuma bayanin sojojin da aka rasa a lokacin yaƙi dama yana ciki. Abin da aka ƙara shi ne, ko a lokacin zaman lafiya ma bayanin sirri ne, muddin an rasa sojojin ne a wani "aiki na musamman". Umarnin bai fayyace ma'anar aikin na musamman ba, hukuma ce ke da wuƙa da nama. Kakakin fadar, Dmitry Peskov, ya ce lamarin bai da alaƙa da Yukiren. Sai dai duk mai hankali zai tambaya: ƙasar da ta ce ba ta yaƙi, gawar wa za ta ɓoye?

Hukuncin yana cikin sashe na 283 na kundin laifuka. Wanda ya tona sirrin ƙasa zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 4, ko 7 idan tonon ya haifar da mummunan sakamako. Mutane da yawa sun ɗauka ɗan jarida aka nufa kai tsaye, alhali sashen ya fi hawa kan wanda aka damƙa wa sirrin, ko ya san shi ta hanyar aikinsa: hafsan soja, akawun ofishin bariki, ma'aikacin da takardun mamata ke ratsa hannunsa. Su ne kuwa ke tsegunta wa 'yan jarida labari. Da an rufe musu baki, mai bincike sai dai ya koma maƙabarta yana ƙirga sababbin kaburbura. Wannan ma ba aiki ne mai sauƙi ba. Lev Shlosberg, wanda a lokacin ɗan majalisar yankin Pskov ne, ya sha dukan kawo wuƙa a watan Agustan 2014 bayan jaridarsa ta buga labarin jana'izar wasu sojojin laima na garin.

Shlosberg da wasu 'yan jarida da lauya Ivan Pavlov sun garzaya Kotun Ƙoli. Hujjarsu ita ce, sashe na 29 na tsarin mulki ya ce dokar majalisa ce ke fayyace sirrin ƙasa, don haka shugaba ba shi da hurumin faɗaɗa shi da alƙalaminsa. Sun kuma kafa hujja da dokar sirri ta 1993, wadda ta hana ɓoye bayanin bala'o'in da ke barazana ga lafiyar jama'a da na take haƙƙin ɗan Adam. Ranar 13 ga Agusta 2015 kotu ta yi watsi da ƙarar.

Game da kisan kuwa, a 2017 aka ɗaure mutum biyar 'yan asalin yankin Kokasas, Zaur Dadayev, wanda kotu ta ce shi ya yi harbin, ya samu shekara 20, amma iyalan Nemtsov sun dage cewa ba a kama wanda ya ba da kwangilar ba. Shi kuwa umarni mai lamba 273 na nan daram. Da Rasha ta afka wa Yukiren a watan Fabrairun 2022, sunan da Putin ya raɗa wa farmakin shi ne "aikin soja na musamman".