Buhurt

Buhurt wasa ne na gwabzawa da makaman ƙarfe. 'Yan wasa kan sa sulke da kwalkwali irin na baraden Turai na wajen ƙarni na 14 zuwa na 16, su yi ta saran juna da takubba da gatura da kulake har sai ɓangare ɗaya ya zube. Makaman dakusassu ne, ba kaifi ba tsini, amma dukan na gaske ne, kuma ba a tsara wanda zai yi nasara kafin a shiga fage. Nan ya sha bamban da kwaikwayon yaƙi, inda ake maimaita wani tsohon yaƙi don 'yan kallo, kowa ya san inda zai faɗi. Wasan a sigarsa ta yau ya taso ne daga Rasha da Yukren da Belarus wajen ƙarshen shekarun 1990, sai dai sunansa da kayansa sun girme shi da ɗaruruwan shekaru.

Asalin suna

Kalmar tana cikin tsohon Jamusanci da tsohon Faransanci, ana kuma danganta ta da ma'anar bugu ko turewa. A wancan zamani ana nufin ƙaramin wasa ne da ita, wanda barade da yaransu ke yi a kan dawakai lokacin biki ko naɗi, da makamai marasa kaifi da tufafin kariya marasa nauyi. Wato sunan wasan da ya fi sauƙi a da shi aka ɗauko aka laƙaba wa wanda ya fi zafi a yau.

Gasar barade

Babbar gasar barade ta bayyana a arewacin Faransa wajen ƙarshen ƙarni na 11. Wasu tsofaffin marubuta sun ce wani mai sarauta, Geoffrey de Preuilly, shi ya ƙirƙiro ta, amma masana tarihi ba su gamsu da wannan ba. A ƙarni na 12 gasar ba ta da fage mai shinge. Ana sanar da cewa za a haɗu tsakanin gari kaza da gari kaza, kamar tsakanin Gournay da Ressons, sai runduna biyu na mahaya su yi sahu su afka wa juna da masu. Daga nan faɗa ya watsu cikin gonaki da dazuzzuka da ƙauyuka har faɗuwar rana. Makaman na yaƙi ne. Abin da ya raba ta da yaƙi kaɗan ne: akwai wuraren da aka keɓe don hutawa, waɗanda ba a taɓa wanda ya shiga, kuma kamu ake so, ba kisa ba. Wanda aka kama ya rasa dokinsa da sulkensa, sannan ya biya fansar kansa. Manoman da aka tattake wa amfanin gona ba safai ake jin labarinsu ba.

Saboda fansar nan gasar ta zama sana'a. Wanda ya fi shahara a kanta shi ne William Marshal, da aka haifa wajen 1146 ya rasu a 1219. Ba shi ne babban ɗa a gidansu ba, ba shi da gadon ƙasa, da takobinsa ya ci abinci. Tarihin rayuwarsa, da aka rubuta jim kaɗan bayan rasuwarsa, ya ce ya haɗa gwiwa da wani barde mai suna Roger de Gaugi suna raba ganima, suka kama barade 103 cikin wata goma. A gadon mutuwarsa an ce ya ƙiyasta waɗanda ya kama a rayuwarsa sun kai 500. A cikin wannan tarihin ne aka kawo labarin ranar da aka tashi gasa a Pleurs, aka yanke shawarar ba shi kyautar gwarzon ranar, wani babban kifi. Masu kai kyauta suka je masaukinsa ba su same shi ba. Sai suka ji ƙarar guduma daga maƙera. Suna leƙawa suka tarar da shi ya ɗora kai a kan uwar maƙera, maƙeri na ta fama da guduma da awartaki yana ƙoƙarin cire masa kwalkwalin da duka ya lanƙwashe a kansa. Wannan mutum daga baya shi ya riƙe mulkin Ingila a madadin yaron sarki Henry na III.

An ce gasar da aka yi a Lagny a 1179 ta tara barade kusan 3,000, kodayake alƙaluman marubutan wancan zamani sai a yi hattara da su.

Coci da sarakuna

Tun da wuri aka fara neman a taka wa abin birki. A taron Clermont na 1130 Fafaroma Innocent na II ya haramta gasar, aka kuma ce duk wanda ya mutu a cikinta ba za a binne shi bisa tsarin coci ba. An sake nanata haramcin a 1139 da 1179, alamar cewa barade sun yi kunnen uwar shegu da shi. Sai a 1316 Fafaroma John na XXII ya janye shi.

Damuwar sarakuna daban ce. Taron ɗaruruwan masu makamai a fili ɗaya wuri ne mai kyau na ƙulla tawaye. Sarki Richard na I na Ingila ya ga hanawa ba ta yi, sai ya mayar da abin hanyar shigar kuɗi: a 1194 ya ba da izinin gasa a wurare biyar kacal, ya kuma sa kuɗin shiga gwargwadon matsayi. Babban hakimi ya biya mak 20 (mak ma'aunin kuɗi ne na wancan zamani), mai bi masa 10, barde mai ƙasa 4, wanda ba shi da ƙasa 2. Wajen 1292, zamanin Edward na I, aka fito da wata doka da ta taƙaita yawan yaran da barde zai zo da su da irin makaman da za su riƙe, aka kuma hana 'yan kallo zuwa da makami.

Duk da haka an yi ta mutuwa. Geoffrey, ɗan sarki Henry na II na Ingila, ya rasu a Paris a 1186, wasu ruwayoyi na cewa dawakai ne suka tattake shi a gasa, wasu na cewa rashin lafiya ce. A 1241 a Neuss ta ƙasar Jamus mutane da dama suka halaka a gasa ɗaya, an ce yawancinsu zafi da ƙura ne suka shaƙe su cikin kwalkwali. Ruwayoyi sun saɓa kan adadinsu. A shekarar dai Gilbert, ɗan William Marshal, ya mutu a wata gasa bayan dokinsa ya ja shi a ƙasa.

Sannu a hankali turnukun taro ya ja baya, karon mashi tsakanin mahaya biyu ya maye gurbinsa. Wajen shekarun 1420 aka fara kafa shinge a tsakanin dawakan biyu don kada su yi karo. Aka ƙera masu da ke karyewa da wuri, da sulke na musamman mai kauri wanda ba ya zuwa yaƙi, aka naɗa masu ƙirga maki. Gasa ta koma bikin fada. Ranar 30 ga Yuni 1559 tsinken mashin Gabriel de Montgomery ya ratsa murfin kwalkwalin sarki Henry na II na Faransa ya shiga idonsa, ya rasu ranar 10 ga Yuli. Daga nan wasan ya yi ta dusashewa a Faransa, sauran ƙasashe suka biyo baya a hankali.

Farfaɗowa

A watan Agustan 1839 wani matashin mai sarauta a Sikotlan, Archibald Montgomerie, ya shirya gasar barade a gidansa na Eglinton. An ce 'yan kallo sun kai 100,000, barade kuwa ba su wuce goma sha wani abu ba. Ana fara hawa ruwan sama ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, rumfar liyafa ta yi yoyo, fili ya zama taɓo, jama'a suka watse. Jaridu suka yi ta yi masa dariya.

A 1966 aka kafa ƙungiyar SCA, ta masu raya al'adun zamanin barade, a Berkeley ta jihar Kalifoniya. 'Yan ƙungiyar suna faɗa da sandunan wani icce mai kama da gora, kuma wanda aka buga shi zai faɗi da kansa ko bugun ya isa kisa. Taronsu na shekara-shekara a Pennsylvania yana jan mutane kusan 10,000. A Folan kuma duk watan Yuli ana kwaikwayon yaƙin Grunwald na 1410. Akwai kuma masu nazarin tsofaffin littattafan koyon takobi, waɗanda suka fi kusa da malanta.

Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet ƙungiyoyin kwaikwayon yaƙi a gabashin Turai suka fara dukan juna da ƙarfe ba tare da rage ƙarfi ba. Daga cikinsu buhurt ya fito.

Yadda ake wasan

Fage fili ne da aka kewaye da shingen katako mai ƙarfi. Fitaccen tsari shi ne biyar da biyar, akwai kuma 12 da 12, 16 da 16, 21 da 21 da sama da haka, gwargwadon hukumar da ta shirya. Ba a ƙirga sara a wasan taro. Mutum ya fita ne idan wani sashe na jikinsa ban da tafin ƙafafunsa biyu ya taɓa ƙasa, ko gwiwa ko hannu. Wanda ya faɗi zai zauna inda yake har a gama zagaye. Saboda haka rabin wasan kokawa ce. Za ka ga mutum biyu sun matse ɗaya a jikin shinge, ya rungume katako da hannu ɗaya, na uku ya zo ta baya yana zuba masa doguwar gatari a kafaɗa har ƙafarsa ta saki. Can gefe kuma wani marar nauyi na zagaya fili a guje, yana neman wanda ya juya baya ya banke shi.

An haramta suka da tsinin makami ko ta halin ƙaƙa. An haramta dukan bayan gwiwa da maƙogwaro da ƙeya da gaba, da murɗe gaɓa, da taɓa wanda ya riga ya faɗi. Naushi da shuri da bugu da garkuwa duk sun halatta. Alƙalai na tsaye da dogayen sanduna, suna ba da katin gargaɗi da na kora. Wanda kwalkwalinsa ya fita, an cire shi nan take.

A wasan mutum biyu maki ake ƙirgawa, da takobi da garkuwa, ko dogon takobi, ko doguwar gatari. Mata sun fara shiga gasar duniya daga tsakiyar shekarun 2010.

Kaya

Ana buƙatar kayan ɗan wasa su dace da zamani ɗaya da yanki ɗaya, akwai kuma masu duba wannan kafin gasa. Cikakken sulke yakan kai kilo 30. Sau da yawa kwalkwalin ya fi na asali kauri, domin barden da bai yi tsammanin shan sara ɗari a kai a yini ɗaya ba. A ƙarƙashin ƙarfe akwai riga mai cushe da auduga ko ulu, irin aikin da lifidi ke yi. Tarihin Kano ya danganta shigo da lifidi da sulke da kwalkwalin ƙarfe ga sarki Kanajeji, wajen ƙarshen ƙarni na 14, wato zamanin da 'yan buhurt suka fi kwaikwayo. Bambancin shi ne 'yan lifida na hawan salla nuna kaya suke yi, ba sa dukan juna.

Gasar duniya

An fara gasar Battle of the Nations, wato Yaƙin Al'ummai, a 2010 a ganuwar Khotyn ta Yukren, da ƙasashe huɗu: Rasha, Yukren, Belarus da Folan. Amurka ta shiga a 2012 a Warsaw. Daga nan gasar ta je Aigues-Mortes a Faransa, Trogir a Kuroshiya, Prague sau biyu, Barcelona, kusa da Roma, sai Smederevo ta Sabiya a 2019, inda aka yi karon mutum 150 da 150. Rasha ce ta mamaye wasannin taro a yawancin shekarun. A 2013 wasu suka ɓalle suka kafa wata hukumar wasan ta duniya mai suna IMCF, wadda ta yi gasarta ta farko a Belmonte ta Sifaniya a 2014. Annobar korona ta dakatar da gasa a 2020. Bayan Rasha ta mamayi Yukren a 2022 ƙungiyoyin ƙasashe da yawa suka fice daga hukumar da ke shirya Battle of the Nations, aka kafa Buhurt International.

Raunuka

An fi samun karayar yatsu, gocewar kafaɗa, ciwon gwiwa, buguwar kai da sumewa saboda zafi.

Muhawara kan zafin wasa

Masana sun daɗe suna ja-in-ja kan ko wasannin duka suna huce zafin zuciya ne ko suna koyar da shi. Konrad Lorenz, a shekarun 1960, yana ganin wasa mafita ce ga wani abu da ke cikin jinin ɗan Adam. A 1973 Richard Sipes ya kwatanta al'ummai masu yawan yaƙi da masu zaman lafiya, ya ga wasannin faɗa sun fi yawa a wajen masu yaƙin, abin da ya raunana wancan ra'ayi. Norbert Elias da Eric Dunning na jami'ar Leicester kuwa tarihi suka duba: a ganinsu wasanni sun yi ta samun dokoki da alƙalai yayin da jama'a ke rage jure ganin jini, kamar yadda damben Turawa ya samu safar hannu da zagaye mai ƙayyadadden lokaci a dokokin Queensberry na 1867. Tafiyar gasar barade daga gonakin Gournay zuwa fage mai shinge ta dace da wannan bayani, kodayake wasu na kafa hujja da buhurt da damben keji cewa ƙishin duka bai tafi ko'ina ba.

Masu nazarin halayyar 'yan wasa kan raba dukan da fushi ya haifar da wanda aka yi don cin wasa. 'Yan buhurt na sa kansu a rukuni na biyu. Sukan ce mai fushi cikin kwalkwali numfashinsa ke fara ƙarewa, kuma abokan karawa kan ɗaga juna su rungume bayan an tashi. Masu suka na cewa bidiyon da ake tallata wasan da shi sara da faɗuwa kawai yake nunawa. Akwai kuma ƙorafin cewa alamomin barade, musamman na yaƙin Salibiyya, na jawo masu ra'ayin wariyar launin fata, zargin da 'yan wasa da yawa ke musantawa.