Ma'anar "farautar gargajiya da baka" a duwatsun Amurka

Idan Bahaushe ya ji an ce farautar gargajiya, maharbi ne zai faɗo masa a rai: warki a ƙugu, kwari a rataye, layu a damtse, wataƙila da kan burtu ɗaure a goshi. Sana'a ce ta gado, ɗa ya tashi ya tarar da ubansa yana yi. A yammacin Amurka ma akwai masu kiran abin da suke yi farautar gargajiya da baka, sai dai su zaɓar ta suka yi da kansu. Mutum yana da bindiga mai madubi a ɗaki, wadda za ta kayar da dabba daga nisan mita 300, amma ya jingine ta, ya ɗauki itace lanƙwasasshe da tsirkiya, ya nufi dutse.

Sunan kansa bai wani daɗe ba. A da, baka dai baka ne, babu mai ƙara masa wani laƙabi. A 1966 wani mutumin jihar Misuri mai suna Holless Wilbur Allen ya nemi rajistar wani sabon baka mai 'yan tayoyi a bakinsa biyu, aka ba shi a 1969. Aikin tayoyin shi ne su ɗauke wa maharbi yawancin nauyin da zarar ya gama jan tsirkiya. Bakan da ake ja da ƙarfin kilo 30, idan an kai shi ƙarshe, abin da zai rage a hannu bai fi kilo 6 zuwa 8 ba, don haka mutum zai iya riƙe shi a ɗane ya yi ta jira. Aka ƙara masa abin saiti da wani ɗan maƙalli na sakin tsirkiya. Cikin 'yan shekaru ya mamaye kasuwa. Daga nan ne waɗanda suka ƙi rabuwa da tsohon bakan suka samu suna, aka riƙa ce musu 'yan gargajiya.

Bakan nasu iri uku ne. Akwai dogon baka irin wanda sojojin Ingila suka yi yaƙi da shi a da, akwai mai bakin da ya lanƙwaso gaba, sai kuma wanda aka sassaƙa daga itace guda ba haɗi. Duka ukun ba tayoyi, galibi ba abin saiti. Da yatsu ake jan tsirkiya, nauyin kuma yana nan a kafaɗa har a saki, don haka daƙiƙa biyu ko uku kawai maharbi ke da su. Ido da hannu ne ke auna nisa, kamar yadda yaro ke jifan mangwaro ba tare da ya yi lissafi ba. Su kan danganta asalin wannan hanya da Ishi, mutum na ƙarshe daga ƙabilar Yahi, wanda ya fito daga daji a Kalifoniya a 1911. Likitansa Saxton Pope ya koyi sassaƙar baka da sanɗa a wurinsa kafin Ishi ya rasu a 1916, shi kuma Pope da abokinsa Arthur Young suka yaɗa abin.

Ɗaya daga cikin dabbobin da aka fi gwada wannan baka a kansu a waɗannan duwatsu ita ce elk. A nan ma akwai ruɗanin suna, domin a Turai wata dabba daban ake kira da wannan kalma, shi ya sa wasu suka fi son su ce wapiti, sunan da ya fito daga harsunan mutanen asalin ƙasar, mai nufin farar ɗuwawu. Dangin barewa ce a ido, amma ta fi gwanki girma. Bijimi ya kan kai kilo 320, mace kuma wajen 230. Namiji ne kaɗai ke da ƙaho, mai rassa kamar bishiya, kuma kowace shekara sai ya zubar da shi wani sabo ya tsiro. An kiyasta cewa sun kai miliyan 10 kafin zuwan Turawa. Farauta ba ƙa'ida ta ƙarar da su har suka koma ƙasa da 50,000 a farkon ƙarni na 20. Yanzu sun farfaɗo zuwa wajen miliyan ɗaya, kuma Kolorado ce ta fi kowace jiha yawansu, kusan 300,000. Da kuɗin mafarauta aka yi yawancin aikin farfaɗowar: kuɗin lasisi, da harajin bindigogi da harsasai da wata dokar 1937 ta ware domin kula da namun daji, wadda daga baya aka shigar da kayan baka cikinta.

To, asalin ma'anar wannan "gargajiya" tana cikin nisa ne. Mai bakan zamani yana iya harbi daga mita 40 ko 50. Ɗan gargajiya sai ya matso mita 20, da yawansu ma ba sa sakin kibiya sai a mita 15. Dalili kuwa, kibiyarsa tana tafiyar kusan mita 55 a daƙiƙa, ƙarar tsirkiya kuma ta fi ta sauri wajen sau shida. Dabbar tana jin ƙarar kafin kibiya ta iso, kuma idan nisan ya yi yawa za ta zabura, kibiyar ta same ta a inda ba a nufa ba. Tsakanin mita 50 da mita 20 tafiyar taku talatin da 'yan kai ce, amma a cikin waɗannan takun ne yawancin farauta ke lalacewa. Bijimi ba ya yawo shi kaɗai a lokacin barbara, lokacin da ake wannan farauta. Mata goma ko ashirin na kewaye da shi, kowace da idonta da kunnenta, ga hanci wanda ya fi komai.

Iska ce babbar abokiyar gaba. A kan dutse tana da ɗabi'a: da asuba iska mai sanyi na gangarowa ƙasa, rana na ɗagawa ta juya ta riƙa hawa sama, da yamma ta sake sauka. Maharbi na ɗauke da 'yar kwalba ta farin gari, yana fesawa yana duba inda ya nufa. Mai son ya iso ga garke da safe sai ya taso masa daga ƙasa, da hantsi kuma ya zagayo ta sama. Amma a lokacin juyawar, ko a kwazazzabo, iska na iya kaɗawa ta kowane gefe. Sau ɗaya ta kai ƙanshin mutum hancin uwar garke, aikin kwana uku ya tashi a banza.

Watan Satumba aka ware wa masu baka a yawancin jihohin nan, Kolorado da Montana da Aidaho, saboda lokacin barbara ne. Bijimai na yin wani kuka mai ban mamaki, ya fara da gurnani ya ƙare da siririn sauti kamar usur, ana jin sa daga tsauni zuwa tsauni. Kukan nan shi ne jagoran maharbi. Yana sa wani ɗan faifan roba a ganɗarsa, ya busa ta cikin bututu, ya kwaikwayi kukan wani bijimi abokin hamayya ko kukan mace. Dabara ce irin ta maharbinmu mai kan burtu, wanda ke rarrafe yana kaɗa kai kamar tsuntsu har ya kusanci barewa. Bambancin kawai, wancan ido yake yaudara, wannan kuma kunne. Sau da yawa bijimi zai amsa, ya taho a fusace, sai ya ja ya tsaya a mita 60 yana neman ya ga wanda ya kira shi. Shi ya sa suke fita biyu-biyu, mai kira ya koma baya, mai baka ya durƙusa a gaba.

Idan an ce shekara ta yi wuya, galibi ana nufin wannan kuka ya ɗauke. Satumba mai zafi da fari na sa dabbobin su kwanta cikin duhun itatuwa tun da hantsi, sai dare su fito. Ƙasa ta bushe, kowane taku sai ƙaras-ƙaras, sanɗa ta gagara. Idan wata ya yi haske sukan yi kiwo da barbararsu cikin dare, gari na wayewa shiru. Ga yawan mafarauta a dajin gwamnati, kowa na busa, har bijimai su gane cewa ba kowane kuka ne na ɗan'uwansu ba, ko garke ya tsallaka gonar wani mai kiwo inda ba a shiga sai da izini. Cunkoson ya kai ga Kolorado ta daina sayar wa baƙi daga wasu jihohi lasisin baka kai tsaye a yawancin yankunanta daga 2025, sai ta hanyar ƙuri'a. A 2020 gobarar Cameron Peak, mafi girma a tarihin jihar, ta cinye fiye da hekta 80,000, aka rufe dazuzzuka a tsakiyar lokacin farauta. Hunturun 2022 zuwa 2023 kuma ya zo da dusar ƙanƙara mai zurfi a arewa maso yammacin jihar, dabbobi da yawa suka mutu da yunwa, hukuma ta rage lasisi sosai. Ko a shekara mai kyau, kusan mutum ɗaya ne cikin goma na masu baka ke komawa gida da nama.

Abin da ya fi taɓa ni a lamarin shi ne abin da ke faruwa a rana ta tara ko ta goma, bayan mutum ya sha hawa a tsayin mita 3,000 inda numfashi ke yi wa baƙo wuya, ƙafa ta yi kanta, guzuri ya kusa ƙarewa, sai ga bijimi a mita 30 yana fuskantarsa. Maharbanmu na da suna shafa wa kibiya dafin kwankwani, ko ina ta shiga aikin zai yi. A can doka ta hana dafi. Kaifin kan kibiya kaɗai ke kisa, ta hanyar zubar jini, kuma sai ta ratsa huhu biyu, ta bayan kafaɗa, lokacin da dabbar ta ba da gefe. Idan ta bugi ƙashin kafaɗa ba za ta shige ba. Idan ta faɗa tumbi, dabbar za ta yi sa'o'i tana wahala, wataƙila ma ba a gan ta ba har abada. Don haka wanda ya san abin da yake yi sai ya sassauta tsirkiya ya bar bijimin ya wuce, ko da kuwa wannan ce damarsa ta ƙarshe a shekarar. A ganina wannan haƙurin ya fi cancantar sunan gargajiya fiye da siffar bakan da ke hannunsa.

Wanda Allah ya ba sa'a kuma, sabon aiki ne ya same shi. Zai jira kamar rabin sa'a ko fiye kafin ya bi sawun jini, don kada ya tayar da dabbar ta ƙara nisa. Sai fiɗa a wurin, cikin hanzari, domin zafin Satumba na ɓata nama cikin 'yan sa'o'i, kuma barin nama ya lalace laifi ne da doka ke hukuntawa. Bijimi ɗaya na ba da tsoka wajen kilo 90 zuwa 100. A zuba a buhunan yadi, a rataye a inuwa nesa da inda beyar, wata ƙatuwar dabbar dawa mai cin nama, za ta kai, sannan a riƙa goya shi a baya ana saukowa da shi, sawu huɗu ko biyar, zuwa inda aka bar mota.